Takwarana aka kama, amma kasuwata ce ta tsaya

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan dake kan hanyar Katsina in ka fito daga Kano, harkata zoɓo da riɗi, sai citta in lokacinta yayi. Abokan sana'a da suka ga abinda ya sameni tun farko sun daɗe suna min magana wai in rubuta ko wani zai amfana, toh gashi, wanda yaga tsawo yayi haƙuri dan ni bana iya magana a gajarce.

Bari in fara da yadda kasuwar take dan wanda baya ciki ya gane. Lokacin da nake yaron shago wajen maigidana, Allah ya ƙara masa lafiya, komai ido da ido ne, mai saye zai taso daga Legas, ko Bayarabe ne ko ɗan Indiya ko ɗan Labanon, ya zauna akan buhu a kawo masa shayi, ya tura hannu cikin riɗi ya ɗebo ya tauna, in ya masa a tsaida magana a kira 'yan dako shikenan. In yana so ya san waye kai ba sai yaje nesa ba, ya tambayi mai shayi ya tambayi shugaban layi, kafin la'asar ya san unguwar da aka haifeka da wanda ka taɓa cinyewa kuɗi in akwai. Yanzu kuwa mutumin da zai sayi zoɓonka yana Meziko, dan sune manyan masu sayen zoɓon Najeriya, mai riɗi yana Turkiyya ko Chaina ko Japan, bai taɓa taka Kano ba kuma ba lallai ya taka ba har ya mutu, amma zai turo maka wani kaso na kuɗi kafin ka loda kwantena. Wannan mutumin bashi da mai shayin da zai tambaya, Google gareshi. Kuma mu faɗi gaskiya, da yaga lambar waya ta fara da 234 ya riga ya ɗaure fuska saboda aikin 'yan damfara, kai da baka ci nanin ba sai nanin ta nemi cinka.

Sunana da na mahaifina suna ne da ya cika arewa fal, in aka kira shi a layin banki sai kaga mutum uku sun miƙe. Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba sai a kakar zoɓon farkon 2022. Wani ejan a Legas ya haɗani da wani kamfani a waje, na tura samfur ya musu, mukayi ciniki akan kwantena biyu, ni kuma da naga magana ta kankama sai na saki kuɗi a ƙauyuka, Gumel da Maigatari da gefen Babura, motoci suka fara sauke kaya a sito, mata suna tsinta ana rairaya ana ɗurawa a buhu. Kwantena mai ƙafa 40 tana cin wajen tan 12 na zoɓo saboda abu ne mara nauyi mai cin waje, kaga ba ƙaramin kuɗi na zuba ba, har da na mutane a ciki. Kawai sai naji shiru. Imel ba amsa, WhatsApp a karanta a ƙi magana, ejan ɗin ma ya fara min hanya-hanya, yau yace suna hutu gobe yace manajan baya gari. Sai da na rantse masa zan hau mota in sameshi har ofis sannan ya turo min sikirinshot da rubutu a ƙasa, "Alhaji dan Allah kar ranka ya ɓaci, wannan kai ne?"

Labari ne da Turanci, wai an kama wani mai suna irin nawa sak, ko harafi ɗaya bai bambanta ba, shima ɗan Kano, akan ya karɓi kuɗin mutane da sunan zai kawo musu kaya ya gudu. Ba hoton mutum a jiki, hoton ankwa kawai aka saka. Na buga sunana da kaina a Google, wlh jikina yayi sanyi, daga sama har ƙasan shafin farko labarin nan ne, gidan labarai ɗaya ya rubuta sauran suka kwafa ko waƙafi basu canza ba. Ni kuma da nayi shekara da shekaru ina auna kaya a Dawanau babu ni babu alamata, Facebook ɗina ma da laƙabi na buɗeshi kuma ba abinda nake sawa sai barka da Juma'a.

Na tura musu fasfo, takardar CAC ta rajistar kamfani, satifiket ɗin NEPC na masu fitar da kaya, na nuna musu shekarun da aka rubuta wa wancan ba nawa bane, suka amsa cikin ladabi wai sun gode amma dokar kamfaninsu bata bari su tura kuɗi inda akwai shakka. Ban ga laifinsu ba, nima da nine a wajensu haka zanyi. Zoɓo kuma baya jiran mutum, in ya daɗe a sito kalarsa dushewa take, dole na sayar wa 'yan kasuwar gida da wasu masu fitarwa a farashin da har yau bana son tunawa, na biya mutane haƙƙinsu na zauna.

Abinda ya fi cina ma ba asarar bace. Wannan kamfanin ai albarkacin ejan na san dalili, toh nawa ne suka buga sunan suka gani suka juya ba tare da sun ce min uffan ba? Sai na fara tuno cinikin da suka mutu a baya ba gaira ba dalili, wanda muka ce farashi ne, wanda muka ce hassada ce, Allah kaɗai ya san gaskiyarsu.

Farko na nemi lambar gidajen da suka buga labarin, ni roƙona ɗaya ne, su saka hoton mutumin ko su ƙara wani abu da zai bambanta mu. Yawancinsu ba lamba ba ofis, imel ɗin ma dawowa yake. Ɗaya ya ɗauka yace sai dai in biya kuɗin gyara, nace masa in na biyaka sauran fa? Ya kashe waya. Sai ga wani yaro da aka haɗani dashi wai shi ƙwararre ne, a kwana uku zai goge sunana daga Google gaba ɗaya, rabin kuɗi yanzu rabi in aiki ya kammala. Nace masa ɗan samari ni a kasuwa na girma, ka goge tukuna ka zo ka karɓi ninki biyu. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga nan naje wajen wani lauya abokin ƙanina. Ya saurareni tsaf sannan yace "Alhaji wa zamu kai ƙara? Labarin nan ba ƙarya aka maka ba, ba ma kai ake nufi ba." Shi ya bani labarin wani mutumin Sifaniya, Mario Costeja González, da wata jarida ta buga sanarwar za'ayi gwanjon kadararsa saboda bashin hukuma a 1998, an biya bashi an wuce wajen, amma shekaru suna ta tafiya in aka buga sunansa a Google sanarwar nan ce ke fitowa. Ya kai kuka, magana ta kai har babbar kotun Tarayyar Turai, a watan Mayu 2014 kotu tace mutum yana da haƙƙin a cire irin wannan daga abinda ke fitowa in an buga sunansa. Nace toh alhamdulillah ai mun samu hanya, yayi dariya yace wannan ta Turawa ce, ita kotun ma ta dawo a 2019 tace ba dole bane Google ya cire a duk duniya, iyakarsa Turai. Abin dariya abin tausayi, bawan Allahn da ya nemi a manta da bashinsa yau gashi ni a Kano na san labarin bashin. Daga baya da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yuni 2023 na sake kiransa, yace eh dokar ta ba mutum dama ya nemi a goge bayanansa, akwai ma hukumar NDPC mai kula da wannan, amma ta ware aikin jarida gefe, kuma har gobe dai bayanan nan ba nawa bane na takwarana ne. Shi kuma fom ɗin da Google ke dashi yana cire irin lambar waya da adireshin gida da lambar asusun banki in wani ya watsa maka, baya cire labarin jarida dan kawai bai maka daɗi ba.

Wanda ya buɗe min ido ɗan yayana ne, yaro ne shiru-shiru, lokacin yana karatun kwamfuta a BUK. Muna cin tuwo ina ta ƙorafi sai naji yace "Baffa, ba'a goge Google, tura abu ake ƙasa." Nace me kake nufi? Yace Google ba ƙiyayya yake min ba, an tambayeshi suna ne ya duba abinda aka rubuta da sunan ya kawo, ni kuma ban taɓa rubuta komai ba, toh me zai kawo? Suna a intanet kamar fili ne da ka bari ba katanga, ba sai kana da maƙiyi ba zaka zo ka tarar an maida shi bola. Yace shafin farko abu wajen goma yake ɗauka kuma ba kowa ke wahalar zuwa na biyu ba, dan haka aikin shine in samu abubuwa nawa na gaskiya da zasu cika guraben nan su danne wancan.

Ban karɓa nan take ba. Mu an tashe mu akan yabon kai jahilci ne, kuma ɗan kasuwa baya so a san abinda yake dashi, ga baki ga masu garkuwa da suka addabi ƙasa. Da na kai wa maigidana maganar cewa yayi "kai yanzu sirrin da muka sha wuya muka koya zaka baza wa duniya kyauta?" Nace Alhaji ba zan faɗi wajen wa nake saye ba, ba zan faɗi nawa nake samu ba, abinda duk mai tsintar zoɓo ta sani zan faɗa. Yayi shiru can yace Allah ya sa alheri, amma na san ransa bai kwanta ba. Yaron ne ya warware min ƙullin, yace ba cewa zanyi ni mutumin kirki ne ba, wannan ko ɓarawo yana iya rubutawa, ilimin sana'ar zan zuba, wanda ya karanta shi da kansa zai gane mai wannan maganar ya daɗe yana shaƙar ƙurar sito.

Abu na farko da mukayi shine tsaida suna. Mu Hausawa muna da sakaci a nan sosai, mutum ɗaya a banki Muhammad, a fasfo Mohammed, a katin zaɓe Muhd, a Facebook kuma wani laƙabi da sunan ƙungiyar ƙwallo a ƙarshe. Muka ɗauki yadda nawa yake a fasfo muka ƙara sunan kakana wanda takwaran nawa bashi dashi, daga ranar ko'ina haka, katin kasuwa, ƙasan imel, rasit, har jikin ƙofar sito na sa mai fenti ya sake rubutawa. Sannan ya saya min adireshin intanet da sunan, irin mai ƙarewa da .com.ng, kuɗinsa na shekara bai kai na buhun zoɓo ɗaya ba, ya haɗa shafi mara hayaniya, hotona a bakin sito, lambar wayar kasuwa, da lambar rajistar CAC dan duk mai shakka yaje shafin hukumar ya duba da kansa kyauta. Ya masa rajista a Search Console, wai nan ne ake sanar da Google ga sabon waje kazo ka duba. Ya buɗe min LinkedIn dan Turawa da 'yan Indiya can suke leƙa mutum, ya saka sito a Google Maps, har sai da muka ɗau bidiyo muna nuna allon shago da cikin sito kafin a yarda namu ne. Ya kuma kunna Google Alerts, duk sanda sunana ya fito a wani sabon waje imel zai shigo min.

Rubutun kuwa ga yadda muke yi. Lokacin ni ba gwanin danna waya bane, bayan isha'i zan zauna a tsakar gida in ɗauka sabon yaron shago ne a gabana in yi ta magana ina naɗa, in tura masa, shi ya rubuta da Hausa ya karanto min in ce a'a nan ba haka nace ba, in mun daidaita sannan ya juya zuwa Turanci.

Na farko akan yadda ake gane zoɓo mai kyau ne. Na faɗi yadda zaka damƙo cikin tafin hannu ka matse, busasshe zai yi ƙara ya karye, wanda aka yayyafawa ruwa dan ya ƙara nauyi lanƙwashewa zaiyi yayi laushi, in ka kai hanci kuma kaji wani bashi-bashi. Na faɗi kar ka yarda da bakin buhu, sa a zaro maka ɗaya daga tsakiyar mota a zazzage akan tamfol ka duba abinda ya zauna a ƙasa, nan yashi da itace da 'ya'ya suke taruwa. Na faɗi bambancin ja mai duhu da mai haske, da dalilin da yasa ba'a jera buhu a kan siminti sai an sa katako, da yadda ake shimfiɗa kwali a cikin kwantena saboda gumin da ƙarfe yake yi in ya daɗe akan teku, da maganin ƙwari da ake sawa kafin a rufe, dan ƙwaro in aka ganshi a tashar can zai iya jawo a ƙi kayan gaba ɗaya. Da ya karanto min kunya ma naji, nace wannan ai kowa ya sani, yace kowa a Dawanau ya sani Baffa, duniya ba Dawanau bace.

Haka muka ci gaba, wani lokacin duk Juma'a wani lokacin sai an tsallake. Riɗi fari da ja, yadda ake gane wanda aka cakuɗa da na bara, takardun da ake nema kafin kaya su bar tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas, fom ɗin NXP na fitar da kaya da ake cikewa ta banki, takardar lafiyar tsirrai, me yasa farashi ke faɗuwa da kaka ya tashi in an shiga bazara. Na hana shi abu biyu, kwafo rubutun wani da ƙara gishiri. Akwai ranar da ya rubuta wai kamfanina na cikin manya a Afirka ta Yamma, nace goge, sito biyu gareni.

Wata da watanni babu abinda ya motsa. Kullum in na dawo daga sallar asuba sai na buga sunan, ankwa dai ankwa dai. Wani lokacin a wayata sai inga shafina ya hau sama in kira shi da murna, yace Baffa wayarka ta saba da kai ne, buɗe ta ɓoyayyen shafi ka gani, in na buɗe sai in tarar dashi can ƙasa. Abin mamaki na Hausar ne suka fara tashi, dan kusan ba wanda ya damu ya rubuta irin wannan da Hausa, sai ga manoma daga Jigawa da Katsina har Maraɗi da Damagaram suna kira suna tambayar yadda ake adana kaya, wasu cikinsu ma suka zama masu kawo min zoɓo, abinda ban nema ba kenan. Na Turancin kuwa gasa tayi yawa, gidajen labarai sun daɗe a wajen kuma Google ya fi yarda da shafin da wasu shafuka ke nuni zuwa gareshi, ni kuwa ba mai nuno ni.

Abin ya juya ne a daminar 2023 da wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna. Duk wanda ke harkar ya san abinda ya faru, gonaki a Kachia da Kagarko da Jaba ganye ya koma rawaya ya bushe, ka tono ka tarar cittar ta ruɓe tana wari, mutanen da suka ci bashi suka shuka suka tashi ba komai. Naje da kaina dan ina da mutanen da muka daɗe muna hulɗa, na ɗau hotuna da izininsu, na dawo na faɗi abinda idona ya gani ba ƙari, nace masu saye su shirya citta zata yi tsada ba kaɗan ba kuma iri ma zai yi wuya shekara mai zuwa. Haka kuwa akayi. Rubutun nan ya zaga, wani ɗan jarida ya kirani mukayi hira ya saka sunana cikakke da mahaɗin shafina, wani gidan rediyo ma ya nemeni, wasu 'yan kasuwa a waje suka yi ta yaɗawa a LinkedIn. Bana jin daɗin cewa musibar wasu ce ta ɗaga ni, amma haka abin ya kasance.

Daga nan abubuwa suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya, shafina a sama, LinkedIn na biye, hirar jarida, bidiyon YouTube da muka ɗauka ana loda kwantena, sito a Google Maps, labarin ankwa ya sauka ƙasa daga baya ya faɗa shafi na biyu. Bai ɓace ba fa, kar wani yace nace ya ɓace. In ka buga sunan ba na kakana ka ƙara kalmar kamu ko damfara da Turanci zai fito maka har yau. Shi yasa yanzu bana jira a gano, duk sabon mai saye tun a imel na biyu nake gaya masa akwai wani mai suna irin nawa da aka taɓa bugawa a jarida, ga bambancinmu, ga lambar CAC, ga mutanen da muka yi ciniki dasu da suka yarda a kirasu, kuma in yana so in kunna bidiyo in zaga dashi cikin sito yanzu-yanzu. Wani ɗan Turkiyya yace min ai ya riga ya gani tun kafin ya min magana, abinda yasa ya ci gaba shine ya karanta abinda na rubuta akan riɗi yaga ɗan damfara ba zai ɓata lokacinsa akan yadda ake jera buhu ba.

Shi kuma takwaran nawa da farko Allah ya isa nake masa safe da yamma. Daga baya na lura da wani abu, duk labaran nan na kamu ne, babu ko ɗaya da ya biyo baya yace an kai shi kotu an same shi da laifi ko an sallameshi. Haka masu labaran namu suke, ranar kamu kowa da kyamara, ranar hukunci ba kowa. In yayi, Allah ya shiryeshi ya bi wa mutane haƙƙinsu, in kuma baiyi ba toh shi abin ya fi ci, dan ni ina da sunan kaka da zan ƙara, shi kuwa shine ɗin. Wataƙila yana da 'ya'ya, wata rana za'a zo neman auren 'yarsa, kuma yanzu kafin a tura manya bincike unguwa an riga an buga suna a waya.

Wasu a kasuwa da suka ga abin yayi sai suka so bin gajeriyar hanya. Akwai wanda ya biya aka zuba masa yabon ƙarya a Google Maps, duk rana ɗaya duk tauraro biyar duk kalma iri ɗaya, ba'a daɗe ba aka share su. Akwai wanda kwastoma ya zage shi a Facebook akan jinkirin kaya, maimakon ya kira shi su sasanta sai ya tara yara suka yi ta ramuwa, yanzu in ka buga sunansa faɗan ne ke fitowa, shi da hannunsa ya ɗago shi sama. Wani kuma ya sa AI, manhajar nan da ake tambaya ta yi rubutu da kanta, ya zubo masa rubutu tuli a dare ɗaya ya turo min wai in duba, a ciki har da cewa da injin girbin alkama ake girbe zoɓo, nace masa Alhaji mai saye na gaske layi biyu zai karanta ya rufe.

Yaron ya gama karatu yana aiki a Abuja yanzu, ni nake rubutawa da kaina a waya, shi dai ya duba min na Turanci in ya samu sarari. Duk shekara ina biyan kuɗin adireshin tun kafin ya ƙare, dan yace in ya faɗi wani zai iya saye ya zuba abinda yaga dama da sunana. Kuma tunda abinda Google ke nunawa a Kano ba lallai shi yake nunawa a wata ƙasa ba, lokaci-lokaci nakan sa wani aminina a Jidda da wani tsohon kwastoma a Turkiyya su buga su turo min hoton abinda suka gani. Sabon abinda ke ban tsoro shine taƙaitaccen bayanin nan na AI da aka fara sawa a saman shafin bincike tun 2024, da kuma masu saye da yanzu manhajar AI suke tambaya kai tsaye waye wane, dan na'ura zata iya ɗauko rabin labarina ta haɗa da rabin na takwarana ta maida mu mutum ɗaya. Kwanakin baya na gwada tambayar wata daga cikinsu, tace ɗan kasuwar zoɓo da riɗi ne a Kano, bata ambaci kamu ba alhamdulillah, amma ta ƙara min da wai ina fitar da kashu, abinda ban taɓa sayarwa ba. Na gaya wa yaron yace in rubuta ƙarara a shafin farko abinda nake sayarwa da wanda bana sayarwa, shi nake haɗawa yanzu, sai kuma wani rubutu akan ƙaro da wasu mutanen Yobe suka daɗe suna roƙona, in Allah ya kaimu bayan sallah zan leƙa Gashuwa.